DAZN a Legas: ko kuɗin kallon damben masu nauyi yana fita?

Ƙwallo ce ke riƙe da gidajen kallo a Agege, Idi-Araba da Alaba Rago. Damben zamani baƙo ne, sai an yi sa'ar babban dare, kuma ko a lokacin yawancin masu cika benci sunan Anthony Joshua ne ya kawo su. Matsalar ita ce manyan wasannin ajin masu nauyi sun koma intanet, kuma kaso mafi tsoka yana hannun DAZN, manhajar da ba ta buƙatar dikoda ko kwanon da ake kafawa a rufin ɗaki. Kamfanin shirya wasannin dambe na Matchroom, na Eddie Hearn, yana can tun da daɗewa, Queensberry na Frank Warren ya koma can a 2025, sannan yawancin wasannin da Saudiyya ke ɗaukar nauyi a Riyad ta nan suke fita. Wanda ke son wannan aji ba shi da wata mafita sosai.

Abu na farko da ke ba mutane haushi shi ne kuɗin iri biyu ne. Akwai na wata, akwai kuma na dare guda da ake ɗorawa a kan manyan wasanni. Karawar Usyk da Dubois ta biyu, ta Itauma da Whyte, ta Parker da Wardley, duk na biyan dare guda ne. Farashi yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka abin da ɗan'uwa a Landan ya ce ya biya ba shi ne zai fito a allonka ba. A karanta sharaɗi kafin a danna, domin akwai tsarin da ake cirewa wata-wata alhali yarjejeniyar ta shekara ce. Kuma a biya kwana biyu kafin wasa. Katin naira yakan ƙi wucewa a biyan waje, kuma ƙarfe goma na daren Asabar ba lokacin neman banki ba ne. Mai gidan kallo ya sani cewa rajistar mutum ɗaya ba lasisin nuna wa jama'a ba ce, wannan tsari ne daban.

Hoton yana da kyau idan layi na da ƙarfi, kuma Usyk ne ma'aunin hakan. Ɗan Yukren ɗin bahago ne, an haife shi a 1987, ya ci zinare a Olamfik na Landan a 2012, ya haɗa kambuna huɗu a ajin da ke ƙasa da masu nauyi a 2018 kafin ya hauro. Aikinsa a ƙafa yake. Yana sa ƙafarsa ta dama a wajen ƙafar hagun abokin karawa, ya riƙa taɓa masa safar hannu da hannun gaba har ya gaji da tsaro, sannan hagun ta shigo ta tsakiya. Idan hoto ya dusashe ya koma dishi-dishi, duk wannan ya ɓace, sai ka ga kamar wani ɗan ƙaramin mutum ne ke zagaye kawai, har wani a bayan benci ya ce gudu yake yi. Ba gudu ba ne. A watan Mayun 2024 a Riyad, turmi na tara, ya yi wa Tyson Fury ruwan naushi har igiya ce ta tare shi, alƙali ya yi masa ƙirga, kuma Fury mutum ne mai tsawon santimita 206. A karawa ta biyu, ranar 21 ga Disamban 2024, duk alƙalan uku sun ba Usyk 116 da 112. Rauninsa biyu ne, shekaru da ciki. A Polan a 2023 Daniel Dubois na Ingila ya kai masa naushi a gindin cibiya a turmi na biyar, ya zauna ƙasa na mintuna, alƙali ya ce naushin ya yi ƙasa da ƙa'ida, aka yi ta musu a kai. Da suka sake haɗuwa a Wembley a Yulin 2025, Usyk ya rufe bakin musun a turmi na biyar. Daren Usyk ya cancanci kuɗinsa, amma ga wanda ya san abin da yake kallo. Mai neman kisan kwaf ɗaya zai iya yin gyangyaɗi a turmi huɗu na farko.

Ga lissafin data. Hoton da ke jan megabit 5 a daƙiƙa yana cin giga 2 da kwata a awa ɗaya. Cikakken dare, daga ƙananan wasanni zuwa babban, yakan kai awa biyar zuwa shida, ke nan giga 11 da kwata zuwa 13 da rabi, kuma idan talabijin ta ɗauki hoto mafi kyau abin ya fi haka. Babban wasan shi kaɗai, turmi 12 na minti uku-uku da hutun minti ɗaya a tsakani, minti 47 ne, sai dai shigowar 'yan dambe da waƙoƙi da taken ƙasa kan ƙara rabin awa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kunna tun magariba da giga goma, data ta ƙare ana tsakiyar abin da aka biya kuɗi dominsa.

Fabio Wardley shi ne mutumin da zai hukunta mai irin wannan kuskure. Ɗan Ipswich ne, bai yi damben share fage na 'yan koyo ba kamar sauran, kuma hakan yana nunawa: hannunsa yana sauka, ana samunsa da naushin gaba cikin sauƙi, hancinsa ba ya daɗewa bai fashe ba. A Yunin 2025 Justis Huni na Ostareliya ya yi ta koya masa karatu turmi tara, yana gaba da maki nesa, sai dama ɗaya a turmi na goma ta kwantar da shi. A Oktoba kuma Joseph Parker, wanda ya doke Wilder da Zhang, yana kan gaba a katin alƙalai biyu, Wardley ya tsayar da shi a turmi na 11. Bayan Usyk ya ajiye kambun WBO, ɗaya daga cikin manyan kambunan duniya huɗu, a Nuwamban 2025 aka ɗaga Wardley ya zama zakara. Mu da muka saba da damben gargajiya, inda turmi uku ne kuma da hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, Wardley ne ya fi kusa da abin da muka sani, ba a yanke masa hukunci sai an tashi. A ganina gwanin ƙafa irin Usyk zai wahalar da shi ƙwarai, amma a gidan kallo babu wanda ya kai shi sa mutane tsalle daga kan benci.

Wuta ita ce babbar matsala ta biyu, kuma ba talabijin ce abin ji ba, rauta ce, wato na'urar da ke kawo intanet. Idan aka ɗauke wuta, kafin a ja janareta, rauta ta sake kunnuwa ta kama layi, manhaja ta buɗe ta koma kan wasan, minti biyu zuwa uku sun tafi. Moses Itauma ya gama da Dillian Whyte a Riyad a Agustan 2025 cikin ƙasa da minti biyu. Wato ana iya biyan kuɗin dare guda, a ɗauke wuta ana gabatar da suna, a dawo a tarar ana hira da wanda ya ci. Maganin ba tsada, a sa rauta da talabijin a kan inbata ko ƙaramin batirin ajiya, ko kuma a tayar da janareta tun kafin babban wasa a bar wutar gwamnati gefe. Janareta mai 2.5 kVA yana shan kusan lita ɗaya a awa, lita shida zuwa bakwai sun isa daren. MiFi, ƙaramar rautar aljihu, mai batirinsa ya fi rautar da ke jikin soket a nan.

Itauma kuwa ya kamata 'yan Najeriya su fara riƙe sunansa. Mahaifinsa ɗan Najeriya ne, mahaifiyarsa 'yar Slovakia, an haife shi a Disamban 2004, ya tashi a Ingila. Bahago ne shi ma, amma saurin hannunsa ba na masu nauyi ba ne, yana haɗa naushi uku huɗu kafin abokin karawa ya ɗaga tsaro, kuma ba ya rikicewa idan ya ga mutum ya jigata, yana zaɓar wurin da zai sa na ƙarshe. Demsey McKean bai fita turmi na farko ba a Disamban 2024. Sai dai a yi hattara da zuzutawa. Zuwa ƙarshen 2025 bai taɓa wuce turmi shida ba, babu wani mai nauyin hannu da ya gwada haɓarsa, kuma Whyte da ya doke ya riga ya kwana biyu a harkar, ƙafafunsa sun tafi. Abin da zai yi idan ya kai turmi na tara numfashi na yankewa, wani kuma yana danna shi a jikin igiya, shi ne abin da ya rage a gani.

Wanda zai iya yi masa wannan tambayar shi ne Agit Kabayel, Bakurde ɗan Jamus, wanda a Legas kusan ba a san shi ba. Ba shi da surutu, jikinsa ma ba na talla ba ne. Ciki yake duka. Yana matsowa, ya sa kai kusa da ƙirjin mutum, ya riƙa zuba hagu a haƙarƙari da hanta har hannun tsaro ya sauko da kansa. Da haka ya karya Makhmudov a turmi na huɗu a 2023, Frank Sanchez a na bakwai a 2024, sai Zhilei Zhang na Sin a na shida a Fabrairun 2025, bayan Zhang ya kai shi ƙasa a turmi na biyar. Wannan faɗuwa ita ce rauninsa a fili, mai matsowa kullum dole ya sha a hanya. A darensa a haɗa sifika mai kyau, domin naushin ciki ba ya burge ido, a kunne ake jin nauyinsa, kuma sifikar jikin talabijin ba ta fitar da shi a ɗakin da mutum hamsin ke ihu.

Sai Joshua, wanda saboda shi ake cika gida. Asalin iyayensa daga nan ne, danginsa na Sagamu, kuma daren da ya tashi daga ƙasa ya tsayar da Klitschko a turmi na 11 a 2017 ya ishe shi tarihi. Damansa har yanzu tana kashewa, Ngannou shaida ne a Maris na 2024, turmi biyu kacal. Amma tun daga hannun Andy Ruiz a 2019 an gane cewa idan aka girgiza shi yana daɗewa bai dawo hayyacinsa ba, kuma yakan tsaya yana tunani a inda ya kamata ya saki hannu. Dubois ya kai shi ƙasa tun turmin farko a Wembley a Satumban 2024, ya ƙarasa shi a na biyar. Ga kuma abin lura ga mai biyan kuɗi, wasansa da Jake Paul a Disamban 2025 a Netflix aka nuna, ba a DAZN ba, don haka rajista ɗaya ba ta tabbatar maka da kowane daren Joshua. A duba inda za a nuna kafin a biya.

Dubois ƙarfi ne zalla da naushin gaba mai kama da taɓarya, amma sau uku ana tsayar da shi, Joyce sau ɗaya, Usyk sau biyu, kuma duk lokacin da dabarar farko ta ƙi ba a ganin ta biyu. Fury ya sha yin ritaya yana dawowa, gwanin baki ne da riƙo da jingina nauyi a kan mutum, sai dai Ngannou da a lokacin bai taɓa damben zamani na kuɗi ba ya kai shi ƙasa a 2023. Efe Ajagba na jihar Delta yana da dama mai nauyi da dogon hannu, ƙafa ce ba ta da sauri, ya yi kunnen doki da Martin Bakole a Riyad a Mayun 2025.

Lokaci yana yi mana daɗi. Riyad na gabanmu da awa biyu, babban wasa yakan faɗo wajen sha ɗaya zuwa sha biyun dare agogon Najeriya. Landan agogonmu ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watanni muna gabansu da awa ɗaya, kuma can ana shiga fili wajen ƙarfe goma. Na Amurka ne ke kaiwa kusan asuba, a nan maimaicin da manhajar ke ajiyewa yana da amfani, a kalla bayan an dawo daga masallaci, muddin ba a buɗe waya ba. Ko a wasan kai tsaye ma hoton intanet yana baya da daƙiƙa talatin ko fiye, sai ka ji wani ya ga sakamako a Facebook ya yi kabbara alhali a allo ana zagaye. Sharhin da Turanci ne na mutanen Ingila, mai sauri, kuma yakan karkata ga 'yan gidansu, don haka gidan kallon da ke da mutum ɗaya da ya san yadda ake ba da maki 10 da 9, da dalilin da faɗuwa ke mayar da turmi 10 da 8, ya fi wanda ke da babban allo.

Ga mai kallo a Legas, biyan shekara bai da riba sai in yana bin ƙananan azuzuwa ma, domin manyan masu nauyi sau ɗaya ko biyu suke fitowa a shekara. Gara a haɗa kuɗi mutum huɗu biyar a gida ɗaya, a zaɓi dare. Idan uku za a zaɓa, na Usyk saboda shekarunsa sun ja kuma ba za a daɗe ana ganinsa ba, na Kabayel da duk wanda ya yarda ya tsaya gabansa, sai na Itauma, da sharaɗin rauta tana kan batir tun kafin a buga ƙararrawar turmin farko.