Yawon tsibirai biyar daga Split: kogon ya burge, hanyar ce wahala

Kwale-kwale mai inji yakan tashi daga Split, a Kuroshiya, da sassafe, ya yi kusan awa ɗaya da rabi kafin ya isa tsibirin Biševo. Nan Shuɗin Kogo yake. Bakinsa ƙarami ne, sai an koma ƙananan jiragen wurin, kowa ya sunkuyar da kai. Hasken rana yana shigowa ta ƙarƙashin ruwa, ya bugi farin ƙasan kogon, ciki ya koma shuɗi shar, musamman wajen ƙarfe 11 zuwa 12. An hana iyo a ciki, mintuna kaɗan kuma an fito. A Yuli da Agusta layin jira yakan ci awa guda ko fiye, in iskar kudu ta tayar da igiyar ruwa kuwa, rufe kogon ake yi.

Masu yara su zauna ta baya, gaban jirgin ya fi dukan ruwa. A tambayi rigar ceto daidai jikin yaro tun kafin a biya. Stiniva, wani bakin teku a tsibirin Vis da ake tsayawa a yawon, tsakuwa ce, sai da takalmin ruwa. Budikovac, wani ƙaramin tsibiri kusa da Vis, ya fi dacewa da ƙananan yara, ruwansa ba zurfi. Mai ciki da mai ciwon baya, gara su haƙura.