Aksul mai man giya da wanda ya bushe

Difarenshal, wato giyoyin da ke tsakiyar aksul (ƙarfen da ke haɗa tayoyin mota biyu), shi ne ke bai wa tayoyi damar juyawa da gudu daban-daban a kwana. Idan akwai man giya mai kauri a cikinsa, irin 80W-90, haƙoran giyoyin suna zamewa a kan juna, man kuma yana kwashe zafi.

Idan kuwa man ya tsiyaye, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Da farko za a ji kuka daga ƙarƙashin mota, sannan boris ya ƙone, haƙora su guntule, har aksul ya cije ana cikin gudu, abin da a ganina ya fi tsadar gyara muni, domin tayoyin baya na iya tsayawa cak a tsakiyar titi.