Gefen baki ya sunkuya: wane magani za ki biya wa kuɗi a Abuja, wanne za ki bari

Akwai fuskar da ko mai ita tana cikin farin ciki sai an ce mata, "Hajiya, lafiya kika ɗaure fuska?" Alhali ba ɗaurewa ta yi ba, gefen bakinta ne ya karkata ƙasa. Daga Wuse 2 zuwa Maitama da Gwarinpa, wuraren gyaran fata suna tallar maganin wannan, wani ya ce allurar Botox mai raunana tsoka, wani ya ce allurar fila mai cike rami, wani ya ce zaren ɗaga fuska. Gaskiyar magana, abubuwa huɗu ne ke sunkuyar da gefen baki, kuma kowane magani ɗaya kawai yake taɓawa a ciki. Yawancin kuɗin da ake asara, an sayi magani mai kyau ne don matsalar da ba tasa ba.

Kafin komai, idan ɓari ɗaya ne ya karkace, kuma cikin sa'o'i ko kwana ɗaya abin ya faru, wannan ba zancen kwalliya ba ne. In akwai nauyin harshe ko hannu ya mutu, shanyewar ɓarin jiki ake tsoro, kuma allurar narkar da gudajin jini tana aiki ne cikin awa 4 da rabi na farko. In kuma ido ya ƙi rufuwa, goshin wannan ɓarin ya daina motsi, sau da yawa jijiyar fuska ce ta kumbura, maganinta ya fi amfani idan an fara cikin awa 72. Duka biyun asibiti za a nufa nan take, ba a jira gari ya waye.

Gwajin madubi

Ki tsaya gaban madubi da hasken rana, fuska a sake. Ki ja gefen bakinki ƙasa kamar wadda ta ɗanɗana maɗaci, sannan ki ɗora yatsa tsakanin kusurwar baki da gefen muƙamuƙi. Za ki ji wata tsoka ta yi tauri. Ita ce likitoci ke kira DAO a taƙaice, aikinta ke nan jan kusurwar baki ƙasa. Idan fatarki a ɗame take amma bakin na sunkuyawa duk lokacin da kike magana ko tunani, ita ce mai laifin. Haka ake ganin abin ga 'yan shekara 25 ko 30, wani lokaci gado ne.

Sai ki kwanta rigingine da madubin a hannu. In layin da ya sauka daga gefen baki zuwa haɓa ya ɓace, to kumatu ne suka saki suka danno daga sama. In kuma kina ganin ɗan rami mai inuwa daidai ƙarƙashin kusurwar, kitsen wurin ne ya zube, kamar yadda ake gani bayan rama mai yawa ko in shekaru sun ja.

Na huɗun shi ne wanda masu tallar allura ba sa ambata. Ki haɗe haƙoranki. Idan turamen baya sun zube ko sun cinye, haɓa takan matso kusa da hanci, leɓɓa su naɗe ciki, gefen baki ya lanƙwasa yana tara miyau. Mai wannan matsala likitan haƙori take buƙata. Cike gurbin turame, ko sauya haƙoran robar da suka shekara biyar zuwa goma suna cinyewa, ya fi kowace allura gyara ƙasan fuskarta.

Abin da ake iya yi a gida

Mafi arha, kuma wanda ake gani nan take, shi ne jagira. A leɓen ƙasa kada ki kai layin har kusurwa, ki tsaya saura kamar milimita 2. A leɓen sama ki kai shi har ƙarshe, ki ɗan ɗaga shi sama da iyakar leɓen da kaɗan. Sannan ki ɗiga abin ɓoye tabo mai ɗan haske fiye da fatarki a inuwar da ke ƙarƙashin kusurwar, ki baje shi sama wajen kunne. Jan baki mai duhu sosai, irin ruwan makuba, yana fito da karkatar fili. In kin wanke fuska komai ya koma yadda yake, amma ga mai zuwa biki ko ɗaukar hoto ya wadatar.

Motsa tsokar fuska ba ya cutarwa, sai dai an zuzuta shi fiye da ƙima. Binciken da aka fi kafa hujja da shi, na jami'ar Northwestern da ke Amurka a 2018, mata 27 ne suka fara, 16 suka kai ƙarshe. Minti 30 kullum suka yi ta yi har mako 8, sannan bayan kwana bibbiyu har mako 20, abin da aka gani kuma kumatu ne suka ɗan ciko. Wanda duk ya ce miki sati biyu ya isa, kasuwarsa yake ci. Ki kuma guji atisayen da ake murguɗa baki ƙasa, don ƙarfafa tsokar da ke jawo matsalar yake yi. Salatif ɗin ɗaga fuska na 'yan sa'o'i ne, yana hana ruwan alwala taɓa fata, kuma yawan ɓamɓare shi na barin baƙin tabo.

Man shafawa ba ya ɗaga abin da ya riga ya faɗi, rage saurin faɗuwar yake yi. Man kariya daga rana mai lamba 30 zuwa sama kullum da safe, da man gyaran fata na tiretinoyin mai ƙarfin 0.025% da dare, gwargwadon ƙwayar wake ga fuska duka, sau biyu ko uku a mako da farko, a kuma nisanta shi daga kusurwar baki don yana tsaga ta. Mai ciki ba ta amfani da shi. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne barin man bilicin. Haɗe-haɗen da ake zubawa a robobi marasa suna sau da yawa akwai wani magani mai ƙarfi da ake kira kilobetasol a ciki, shi kuwa sirantar da fata yake yi har ta saki kafin lokacinta. Taba da shisha ma haka.

Lokacin hunturu wasu kan ɗauka bakinsu ne ya ƙara sunkuyawa, alhali kusurwar ce ta tsage ta yi ja saboda lasa da taruwar miyau. Basilin ko man kaɗanya yana rufe wurin. In ya wuce sati biyu bai warke ba, a duba ƙwayar cuta irin ta funfuna, ƙarancin jini ko ciwon suga.

Botox

Ga wadda tsoka ce matsalarta, wannan shi ne zaɓin farko a ganinmu. Allurar tana raunana DAO, sai tsokokin da ke ɗaga baki su rinjaya. Abin da ake sakawa kaɗan ne, yunit (ma'aunin maganin ke nan) 2 zuwa 5 a kowane ɓari, a wani wuri kamar santimita 1 gefen kusurwar sannan ƙasa wajen muƙamuƙi. Aikin bai kai minti goma ba. Yana fara nunawa bayan kwana 3 zuwa 5, ya cika a kwana 14, ya tafi bayan wata 3 zuwa 4. Ɗagawar milimita ɗaya ce ko biyu. Ba murmushi za a dasa miki ba, alamar ɓacin ran ce za ta ragu.

Inda ake kuskure: dab da DAO, ta wajen tsakiyar haɓa, akwai wata tsokar da ke jan leɓen ƙasa idan ana dariya, har ta ɗan shige ƙarƙashinta. In allura ta matsa ciki da 'yan milimitoci, ko ta yi zurfi, ko an zuba da yawa, sai maganin ya kama ta. Sakamakon shi ne dariya a karkace, ɓari ɗaya na leɓen ya sauka ɗayan ya tsaya. In kuma an yi sama da yawa, tsokar da ta kewaye baki ce za ta yi rauni, ruwa ya riƙa zuba in ana kurkurar baki. Babu allurar da ke warware wannan, sai dai a jira makonni ya sake da kansa. Saboda haka gara a fara da yunit 2, a dawo bayan sati biyu a ƙara in da buƙata.

Akwai kuma batun wuta, wanda a Abuja ba ƙarami ba ne. Botox yana son firji mai sanyin digiri 2 zuwa 8. Kwalbarsa yunit 50 ce ko 100, ke kuma goma kike buƙata ko ƙasa da haka, ma'ana kwalba ɗaya ake raba wa mutane da dama. Takardar kamfanin ta ce a ƙarar da shi cikin awa 24 bayan an haɗa da ruwan gishiri. Ki tambayi yaushe aka haɗa, ki ga kwalbar da idonki, da lambarta da ranar ƙarewarta. Jabu ma yana yawo, ko a Amurka an kwantar da mata a asibiti saboda shi a 2024. Dysport da Xeomin allurai ne masu aiki irin na Botox, amma yunit ɗin Dysport daban yake, kusan 2.5 zuwa 3 ne ke daidai da ɗaya na Botox, don haka kada arhar yunit ta ruɗe ki.

Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon raunin tsoka da mai karɓar allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jentamaisin ba a yi musu. Bayan an yi, ana so a yi awa 4 ba a kwanta ba, ba a murza wurin ba. Ki karɓi lokacin ƙarfe tara na safe, kafin sallar Azahar awa huɗun sun cika.

Fila

Ita ce ta mai rami ƙarƙashin kusurwa. Wani abu ne mai kauri kamar kamu da ake kira hayaluronik asid, ana cusa shi ƙarƙashin fata ya zama matokara. Juvéderm, Restylane da Belotero duk irinsa ne. Sirinji ɗaya mililita 1 ne, wato kashi ɗaya cikin biyar na ƙaramin cokalin shayi, kuma yawanci rabinsa zuwa guda ya ishi ɓangarorin biyu. Ana gani nan take, kumburi ya sauka cikin mako ɗaya zuwa biyu, ta ɗauki wata 6 zuwa 12. Idan kumatu ne suka danno, cika ƙasan baki kaɗai nauyi yake ƙara wa fuska ta yi kamar an ƙunsa goro. A nan kumatun ake fara tokarewa, sirinji kuma ya ƙaru.

Haɗarinta ya fi na Botox. Babbar jijiyar jinin fuska tana bi ta kusa da kusurwar baki, tana ba da rassa zuwa leɓɓa. In fila ta shiga ciki ta toshe, fatar wurin na iya mutuwa. Alamomin su ne zafi mai tsanani da ke ƙaruwa, da sauyin launi. Littattafan likitanci kan ce wurin zai yi fari, amma a baƙar fata toka-toka yake yi ko ya yi dabbare-dabbare mai duhu, wanda bai saba ba sai ya ce ƙurjewa ce. Maganinsa allurar hayaluronides, mai narkar da fila, kuma cikin sa'o'i ake so. Tambaya ɗaya za ki yi kafin ki zauna: "Kuna da hayaluronides a nan yanzu?" In an fara kame-kame, ki ɗauki jakarki.

Radiesse da Sculptra, wasu nau'o'in fila, sun fi daɗewa amma hayaluronides ba ta narkar da su, ba na mai farawa ba ne. Silikon na ruwa, da duk abin da aka ce "na dindindin ne", ki gudu, yana yin ƙulalai bayan shekaru, cire shi sai da wuƙa. Ki bar asfirin da ibufurofen mako ɗaya kafin ranar, sai fa in likita ne ya ɗora ki a kai. Mai yawan fitar ƙurajen zazzaɓi a leɓe ta faɗa tun da wuri a ba ta maganin kariya.

Zaren ɗaga fuska jiki na narkar da shi cikin wata shida ko makamancin haka, yana iya barin lotsawa ko ya leƙo ta fata, kuɗinsa kuma ya fi amfaninsa a wannan wurin. Injinan ɗame fata da zafi na taimaka wa saki kaɗan ne kawai, hasken lesa mai ƙona saman fata kuwa tana barin baƙi a irin fatarmu.

Tiyata

Ana yanke ɗan ƙyallen fata mai kusurwa uku daidai saman kusurwar baki, a ɗinke, kusurwar ta hau. Allurar kashe zafi ake yi a wurin, aikin bai wuce awa ɗaya ba, a cire zare bayan kwana 5 zuwa 7. Ita ce mai ɗorewa, amma farashinta tabo ne kamar santimita 1 a wurin da ke motsi duk sanda aka ci abinci ko aka yi magana. Ki duba hujin kunnenki da tsofaffin tabbanki. In akwai wanda ya kumbura ya tsiro ya wuce iyakarsa, ko haka yake a danginku, wannan aikin ba naki ba ne. In kuma aka yanke da yawa, sai baki ya zauna kamar mai murmushin dole, ba kuma a mayar da fatar da aka cire. Wadda kumatunta suka zubo sosai, tiyatar ja da fuska gaba ɗaya ce ke gyarawa, da jinyar sati biyu zuwa uku. Irin wannan aikin na ƙwararren likitan gyaran jiki ne, irin waɗanda ake samu a Babban Asibitin Ƙasa da Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, da wasu asibitoci masu zaman kansu.

Wajen lissafin kuɗi, kayan duk daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala. Ki sa a faɗa miki kuɗin yunit ɗaya ko mililita ɗaya, ba kuɗin "wuri" ba, sannan ki lissafa na shekara: Botox sau uku ko huɗu, fila sau ɗaya ko biyu. Ki nemi cikakken sunan mai riƙe allurar da lambar rajistarsa ta hukumar likitoci, MDCN, ki duba lambar NAFDAC a kwali. Mai dilka da halawa na iya zama gwana a sana'arta, amma takardar kwas ɗin kwana uku ba ta koya mata inda jijiyar jini ta bi ba, balle wadda ke zuwa gida da kula a hannu.

Da yawa kan tambayi hukuncin addini. Malamai suna bambanta gyaran lahani da neman ƙarin ƙawa, kuma Botox na ɗauke da ɗan sinadarin da aka tace daga jinin ɗan Adam, ki haɗa da wannan in za ki tambayi malaminki.

Amarya ko uwar biki kuma, kada a yi allurar farko ana saura sati ɗaya kamu. A ba ta aƙalla sati huɗu: biyu don maganin ya zauna, biyu don gyara in ɓari ɗaya ya fi ɗaya.