Bidiyon da aka ɗauka ko ajin kai-tsaye: wanne ya fi riƙe ɗalibi?

Hajiya, kin ce ƙaninki ya fara kwas ɗin Python, wato yaren rubuta shirye-shiryen kwamfuta, a intanet har sau biyu yana watsarwa, kina tambaya ko ki biya masa ajin Zoom ko ya ci gaba da bidiyo.

Bidiyo, irin na Coursera ko YouTube, ya fi dacewa da aljihu da yanayin wutarmu a Kaduna. Zai sauke darasi da datar dare, ya rage ingancin hoton zuwa 360p, ya kalla ko an ɗauke wuta. Matsalarsa ita ce ba mai cigiyarsa in ya ɓace. Binciken da aka wallafa a mujallar Science a 2019 kan kwasa-kwasan jami'o'in MIT da Harvard a edX, wani shafin karatu ta intanet, ya nuna kusan kashi 3 cikin 100 ne suka kammala a zangon 2017 zuwa 2018, amma cikin waɗanda suka biya kuɗin takardar shaida, kashi 46 ne. Inda aka fi tsayawa kuwa sananne ne: saka manhajar a kwamfuta, ko jan rubutun kuskure na farko da ba wanda zai fassara masa. Wani kuma kallo kawai yake yi kamar fim, ba ya buga umarnin shirin da hannunsa, sai aikin gida ya zo ya ga ba abin da ya zauna.

Ajin kai-tsaye yana da malami da zai duba allonsa ya gano kuskuren cikin minti biyu, ga kunyar abokan aji. Amma awa guda da kyamara a buɗe tana iya cinye kusan giga ɗaya, kuma darasin shirye-shiryen kwamfuta hawa-hawa ne. Wanda sabis ya yanke masa ranar da aka koyar da maimaita umarni, mako mai zuwa baƙo ne. Kafin ki biya, tambayi ko suna ajiye rikodin kowane aji, kuma cikin awa nawa ake amsa tambaya. In babu, kada ki saka kuɗinki.

Mu dai a ganinmu, ya tsaya kan bidiyon, amma ba shi kaɗai ba. Ya nemi mutum biyu a unguwarsu, Kawo ce ko Tudun Wada, su ɗauki kwas ɗaya tak, su haɗu duk Asabar kowa ya nuna abin da ya rubuta. Minti 40 kullum bayan Asuba ya fi awa biyar ranar Lahadi. Ya fara da Google Colab, shafin da ake rubuta Python a intanet, ba sai ya saka komai ba, ko a waya yana buɗewa. Ke kuma duk Juma'a ki ce ya turo miki hoton aikin makon.