Ƙamusun RAE a waya: yadda ya raba mini gardama kan "gran" da "grande"

Ni tela ne, ina aiki a wani shagon gyaran tufafi a Madrid, kuma ƙamusun da nake buɗewa kullum a waya shi ne Diccionario de la lengua española, wanda ake taƙaitawa DLE. Na Real Academia Española (RAE) ne, hukumar kula da Sifaniyanci da aka kafa a 1713, tare da takwarorinta na sauran ƙasashen da ke magana da harshen, har da ta Ikwatoriyal Gini a nan Afirka. Bugu na 23 ya fito a 2014, ana kuma sabunta shi a intanet. Kyauta ne, ko ta shafinsu ko ta manhaja.

Idan kana son sanin ingancin ƙamus, kada ka gwada shi da kalma mai wuya. Gwada shi da wadda kake ji daga safe har dare. A sana'ata wannan kalmar ita ce grande. Mace za ta shigo da riga a hannu, ta ɗaga kafaɗar ta nuna mini, ta ce "me queda grande", wato ta yi mata yawa, a rage. Wannan ba wuya. Inda kai ke kullewa shi ne lokacin da maigidana ya kira wani tsohon abokin cinikinmu, ɗan siririn dattijo da ko kafaɗata bai kai ba, "un gran hombre".

A nan DLE ya biya ni. Ya nuna asalin kalmar daga Latin, grandis, ya kuma bayyana cewa girman da take nufi bai tsaya ga jiki ba, ya haɗa da matsayi da baiwa da ƙarfin abu. Ya ba gran nata gurbin, ya ce yankakkiyar grande ce da ake sawa gaban suna tilo, namiji ko mace: gran hombre, gran mujer. Jam'i kuwa ba a yanke shi, grandes ne ko ta ina. Don haka un hombre grande ƙaton mutum ne, un gran hombre kuma babban mutum, mai daraja. Bahaushe ba ya shan wahala a nan, domin mun san bambancin ƙato da babba tun muna yara.

Sai dai gaskiya, bayanin ƙa'idar a DLE gajere ne ƙwarai. Cikakken bayani yana cikin ɗan'uwansa, Diccionario panhispánico de dudas, ƙamusun warware shakku kan amfani da harshen, wanda ya fara fitowa a 2005, shi ma kyauta a shafin hukumar. A can na ga cewa idan más (kalmar nuna fifiko) ya riga grande, ba a yanke ta: el más grande jugador, wato ɗan wasan da ya fi kowa, ake cewa. A can kuma aka warware zancen mayor da más grande. Yayanka shi ne hermano mayor a bakin mutanen Sifaniya, amma wando idan ya fi wani girma más grande ne. Da a ce duk wannan yana shafi ɗaya, da an hutar da mu.

Abin da ya fi burge ni shi ne maganganun da ya jera a ƙasan kalmar, irin su a lo grande, yin abu cikin ƙasaita kamar bikin masu hali, da grande de España, sarautar da ta fi kowace daraja a cikin masu sarautar ƙasar. Ya kuma kawo ma'anar baligi, wanda ya girma. Wannan ta taimake ni da wata 'yar Ajantina da muke aiki tare, wadda in ta ce mahaifiyarta "ya está grande" tsufa take nufi, ba ƙiba ba. Tun 2023 an ƙara masa kalmomi masu ma'ana ɗaya da kishiyoyinsu, sai ka ga enorme (ƙato) da pequeño (ƙarami) nan kusa ba ka je nema ba.

Wanda ya fara koyo jiya kada ya dogara da shi tukuna. Komai da Sifaniyanci aka rubuta, babu fassara zuwa wani harshe, misalan jimloli ba su da yawa, ga taƙaitattun alamomi irin su "adj." da "U. t. c. s." da sai ka saba da su. Manhajar kyautar kuma tana bukatar intanet. Amma in ka kai inda kake iya ciniki a kasuwa, kana gane maganar maigida ba sai an maimaita ba, sauke shi, ka buɗe na dudas ɗin a gefe, ka fara da kalmomin da kake zaton ka riga ka sani.