Za ka haɗa maik ɗin situdiyo da kanka? Duba wutar kafin ka sayi kafsul

Duk wanda ya zo min da maganar yana son haɗa maik na situdiyo da hannunsa, tambayarsa ta farko ita ce wane kafsul zai yi oda, wato ɗan abin nan da ke kan maik mai ɗaukar sauti, ni kuma sai in ce masa tsaya tukuna, da me za ka ba shi wuta? Yawancin maik ɗin da ake haɗawa a gida a ce ai bai yi ba, idan ka bi diddigi kafsul ɗin lafiyarsa ƙalau, wutar ce ke da datti ko kuma ba ta kai ba.

Bari dai mu fara da kafsul ɗin tunda shi kowa ke ɗoki. Mafi sauƙi shi ne ilektiret, wanda Gerhard Sessler da James West suka ƙirƙiro a Bell Labs a 1962, irinsa ne a cikin iyafis ɗinka. Shi cajinsa na jikinsa tun daga kamfani, ba sai ka nemo masa wata babbar wuta ba. Akwai ƙanana kamar Primo EM272 na Japan, milimita 10, shiru gare shi sosai kuma da ɗan taransistonsa a ciki, rizisto ɗaya da kafasita ɗaya sun isa ka tashe shi. Amma fa yana ɗaukar sauti ta ko'ina ne, gaba da baya da gefe, to idan ɗakinka yana bakin titi ko maƙwabci na da janareta duk za su shiga waƙar tare da kai. Don murya ni na fi son JLI-2555 ko TSB-2555, wajen milimita 25, gabansa yake saurare ya rage na baya. Wannan babu taransisto a cikinsa, sai ka haɗa masa ɗan fanel, wanda aka fi yi shi ne tsarin Schoeps ko kuma Alice da ya samo asali daga gare shi, taransisto nau'in FET ɗaya da nau'in PNP biyu, da rizisto mai gigaohm 1. Wannan rizisto ɗin kar ma ka ɓata ƙafarka zagayen shagunan kayan gyaran rediyo, da wuya ka same shi, ka haɗa shi cikin odar kafsul kawai, kuma ka sayi fiye da ɗaya.

Gidan da za ka zuba su kuwa, maik ɗin BM-800 ɗin nan da ya cika kasuwa ya wadatar. Kayan cikinsa ba wani abin kirki ba ne amma jikinsa ƙarfe ne, ragar kansa ma ƙarfe, ga soket na XLR mai fil uku a gindi, ga shi da arha. Ka sayi ko na hannu ne ka kwashe cikin. Gidan roba ko na katako da wasu ke sassaƙawa don kyau, ba ya tare ƙugin wutar gida, kar ka fara.

Na biyu shi ne kondensa na ainihi mai milimita 34, kwafin K67 da K47 na Neumann da ake yi a Chaina. Wannan babu caji a jikinsa, yana son wajen bolt 60 a kansa kafin ya yi aiki yadda ya kamata, ke nan ƙarin wani fanel da zai ɗaga wutar, ƙarin wurin da matsala za ta iya ɓuya. Ga wani abu da masu sayarwa ba sa faɗa, K67 an yi shi da kaifin sama da gangan saboda a cikin maik ɗin Neumann U67 da U87 akwai sashen da ke rage kaifin, to idan ka ɗora shi a kan fanel da ba ya rage komai, duk inda mawaƙi ya ce sa ko tsa ko sha sai ya soki kunne, kuma Hausa cike take da su. In dai sai ka yi milimita 34 to ka ɗauki nau'in K47, ya fi taushi a kan irin wannan fanel. Sannan shi babban kafsul ba ya shiri da laima da ƙura, damina ta sa shi tsartsatsi, hunturu ya lulluɓe siririyar fatarsa mai ɗaukar sauti da ƙura, dole ka riƙa rufe shi a leda da ɗan ƙunshin silika in an gama aiki.

Na uku maik ne mai bawul, irin kwalbar nan ta tsohuwar rediyo. Sautinsa akwai daɗi, ban musa ba, amma ba ya aiki da fantom, wato wutar da ke zuwa wa maik ta kebul ɗin XLR, akwatin wutarsa daban ne da kebul mai fil bakwai, bawul irin 12AY7 ko EF86 yana son bolt 6.3 na ɗumama shi da kuma sama da bolt 100 a ɗaya ɓangaren. Kafasitocin akwatin suna riƙe wuta ko bayan ka zare daga soket. Don Allah in ba ka taɓa aikin babbar wuta ba kar ya zama aikinka na farko, wannan maganar rai ce.

To yanzu wutar. Fantom bolt 48 ce, Neumann suka fito da ita a 1966, tana bi ta fil na 2 da na 3 na XLR, kowanne ta cikin rizisto 6.8k, fil na 1 kuma shi ne na wayar ƙasa. Ƙa'ida ta yarda daga 44 zuwa 52, kuma maik bai wuce ya ja miliamfiya 10 ba, yawanci ma 2 zuwa 5 ne. Hanya mafi kwanciyar hankali ita ce intafes, akwatin da ke haɗa maik da kwamfuta, mai maɓallin 48V, irin Behringer UMC22 ko UMC202HD ko Focusrite Scarlett Solo, tunda ko ba komai sai ka nemi abin da zai kai sautin cikin kwamfuta, ga shi daga USB yake shan wuta, ka cire cajar laftof ka yi rikodin a kan batir ka rabu da rigimar wutar NEPA da janareta gaba ɗaya. Sawun kad V8 da 'yan TikTok ke amfani da shi ba ya ba da 48, 'yar ƙaramar wuta yake bayarwa wadda ke tashin BM-800 yadda ya zo daga kwali, da zarar ka canza fanel ba zai tashe shi ba, mutane da yawa a nan suke zaton sun ƙona wani abu alhali yunwa ce kawai ke damun maik ɗin.

Akwatin fantom na daban kamar Behringer PS400 yana da amfani idan kana da mikisa ko rikoda marar fantom. Marasa suna masu arha su ne abin tsoro, wani an rubuta 48 a jiki amma da ka jona maik sai wutar ta zube, wani kuma adaftarsa ke cusa wani siririn fito cikin sauti. Batir 9V guda biyar a jere suna ba da 45, yana cikin ƙa'ida, kuma babu wutar da ta kai ta tsafta, sai ka sa rizisto 6.8k biyu masu daidai da juna sosai, na kashi 1 cikin ɗari ko mafi kyau, da kafasita biyu masu jure bolt 63 su tare wutar kar ta wuce gaba. Matsalarsa batir na ɗan yin sanyi ka faɗo ƙasa da 44, ga kuɗin saye kullum, amma don gwaji babu kamarsa. Haɗa naka daga taransifoma kuma zai yiwu, da TL783, ɗan abin daidaita wuta wanda ke jure babbar wuta, sai dai in ka lissafa kayan da gidan da fis da wahalar, sau da yawa na kanti ya fi sauƙi. Ƙananan fanel na ɗaga wuta irin XL6009 ban ba ka shawara ba sai in ka iya tace su, hayaniyarsu yawa gare ta.

Abin da zan ce lallai ka saya ko da za ka rage kuɗin kafsul shi ne mitar auna bolt. Ba tare da maik ba, fil 2 zuwa 1 ya nuna kusan 48, fil 3 zuwa 1 haka, tsakanin 2 da 3 kuma sifili. Ka jona maik ka sake aunawa, in yana jan miliamfiya 4 za ka ga wajen 34 a kowanne, wannan daidai ne ba lalacewa ba. In ɗaya ya bambanta da ɗaya sosai to akwai taransiston da aka juya ko dalma ta haɗe wani wuri, in bai motsa daga 48 ba fanel ɗin ba ya jan komai, nemi wayar da ta tsinke.

Kunne ma yana faɗa maka. Ƙugi mai kauri wanda ke canzawa in ka taɓa jikin maik, wannan 50Hz ne na wutar gida, ko fil na 1 bai taɓa gidan ba ko fenti ya raba ragar da jikin, ka kankare fentin wurin da suke haɗuwa. Yawancin soket ɗinmu ma babu wayar ƙasa, inbata mai arha kuma ta ƙara nata zizar, shi ya sa gwajin farko shi ne cire caja. Ƙara kamar ana suya ko iska na kaɗawa kuwa, je ka wurin da wayar kafsul da ƙafar FET da gigaohm ɗin suka haɗu, maiƙon dalma ko zufar yatsa kaɗai ta isa ta jawo shi, wanke da sifirit isopropyl ka bari ya bushe, in da hali ma ka ɗaga haɗin sama kar ya taɓa fanel. Fatar kafsul ɗin dai kar ka taɓa ta da komai, ko hura mata iska da baki.

In za ka sayi akwatin fantom ko intafes na hannu a Sabon Gari ko Alaba, tafi da mitarka da maik ɗin da ka san yana aiki, a jona a gabanka ka auna da maik a jiki, ka sa hedifon ka ƙure ƙara ka saurara na ɗan lokaci. Mai shagon da ya hana ka wannan gwajin, wuce shago na gaba.