An ƙara faifai na biyu kwamfuta ta ƙi tashi: saiti ne ko kayan ciki?

Malam, na ga tambayarka. Ka ce kwamfutar tebur da kake buga takardu da ita a shagonka na Mabera lafiya lau take, sai ka ciro faifan ajiya daga tsohuwar kwamfutarka da ta mutu, mai ɗauke da ayyukan ɗalibai, ka ƙara mata. Tun daga nan baƙin sikirin kawai kake gani da rubutun "Operating system not found". Wani mai gyara ya ce a sake zuba Windows, wani ya ce akwatin wuta (power supply, mai raba wa kayan cikin kwamfuta wuta) ne ya gaza, kana son sanin wa za ka bi.

Kada ka bi ko ɗaya tukuna. Matsala biyu ce ke zuwa da kama ɗaya. Ta farko ta saiti ce: komai lafiyarsa ƙalau, kwamfutar ce ta rikice kan faifan da za ta tashi da shi. Ta biyu ta kayan ciki ce: wuta, waya, ko faifan kansa. Maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayar komai.

Bambancinsu yana fara bayyana da zarar ka danna makunni. In saiti ne, fanka na juyawa yadda ta saba, tambarin kamfani ya fito ya wuce, sannan rubutu ya biyo baya, irin wanda ka gani ko "No bootable device". In kayan ciki ne, galibi ba a kaiwa ga rubutun: fanka ta motsa ta tsaya, ko kwamfutar ta maƙale a kan tambari, ko ta yi ta kunna kanta tana kashewa, ko ka ji faifan yana ƙas-ƙas. Shi ya sa na fi zargin saiti a taka.

Ga abin da ke faruwa a ɓangaren saiti. Kafin Windows, BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke dashe a cikin injin kwamfutar, ne ke fara aiki, kuma yana da jerin da yake bi wajen neman inda zai tashi. Lokacin da faifai ɗaya ne babu zaɓi. Da ka ƙara na biyu, baƙon na iya hawa saman jerin, musamman in ka sa shi a ramin SATA 0, wato ramin farko cikin ramukan da ake jona wayar faifai, ka mai da na asali wani ramin. Kamar ɗan aike ne da aka ce ya shiga gidan farko a layi, sai aka gina sabon gida a gaban wanda ake nufi. In babu tsarin tashi a baƙon faifan, ka ga rubutun nan. In kuma akwai tsohon Windows a kansa, zai yi ƙoƙarin tashi a kan injin da bai sani ba, wani lokaci ya ƙare a shuɗin sikirin.

Gwajin ba ya cin ko kwabo. Da ka kunna, yi ta danna F12 in Dell ko Lenovo ce, F9 in HP ce, jerin zaɓi zai fito. In ka ga "Windows Boot Manager" zaɓe shi. In babu, zaɓi sunan faifanka na asali. Ta tashi? To magana ta ƙare, saura ka shiga BIOS, da F2 a Dell, F10 a HP, F1 a yawancin Lenovo na tebur, ko Del a kwamfutocin da aka harhaɗa da kayan kamfanoni daban-daban, ka mai da shi saman jerin ka adana. Abu biyu kada ka taɓa a wurin. Kada ka sauya tsarin tashi tsakanin UEFI da Legacy, don Windows da aka zuba a tsari ɗaya ba ya tashi a ɗayan. Kada kuma ka sauya saitin SATA daga AHCI zuwa RAID ko IDE, ko akasin haka, domin shi ke jawo shuɗin sikirin mai "INACCESSIBLE BOOT DEVICE". A nan ne masu garaje suke mai da ƙaramar matsala babba. Af, in ka gyara jerin amma ya sake rikicewa duk lokacin da wuta ta ɗauke, agogon kwamfutar ma ya koma baya, ɗan batirin nan CR2032 ne ya ƙare, abin da ya zama ruwan dare a tsofaffin kwamfutocin da ake saye na hannu.

Ɓangaren kayan ciki kuwa sai an buɗe akwatin kwamfutar. Babban faifai mai inci 3.5 yana jan wuta sosai a daƙiƙun farko da zai fara juyawa, kusan amfiya 2 a layin bolt 12. Lafiyayyen akwatin wuta ba ya jin wannan, amma na ƙananan kwamfutocin ofis da ya sha shekaru, ya sha ƙurar hunturu da zafin Sakkwato na watan Afrilu, yana iya durƙushewa. Ka kuma tambayi kanka abin da ya kashe tsohuwar kwamfutar. In wuta ce ta yi mata yawa, mai yiwuwa ta taɓa faifan, kuma irin wannan faifan kan sa akwatin wuta ya kashe kansa nan take don kariya. Akwai kuma mafi sauƙi: hannu ya ture wayar faifan asali lokacin da kake cusa na biyu. Wannan ma rubutu iri ɗaya da naka yake kawowa, sai dai a BIOS ba za ka ga sunan faifan asali ba sam, alhali a matsalar saiti duka biyun suna nan a jere.

In F12 ɗin bai raba gardama ba, ga gwajin da nake so. Kashe, zare wayar bango, ka cire wa sabon faifan siririyar wayar bayanai mai fil 7, ka bar masa faffaɗar ta wuta mai fil 15. In ta ƙi tashi a haka alhali tana tashi in an cire shi gaba ɗaya, wuta ce ko faifan ya ƙone. In ta tashi, wutar ba ta da laifi. Sake waya, sake rami, ka koma kan jerin BIOS.

Cikin shawarwarin biyu da aka ba ka, ta sauya akwatin wuta in ta zama kuskure kuɗi kawai ka yi asara. Ta sake zuba Windows ita nake jin tsoro. Faya-fayai biyu na ciki, kuskuren zaɓi ɗaya ya isa ya share ayyukan mutanen da suka ba ka amana, kuma ko an zaɓi daidai, Windows kan ajiye fayilolin tashi a ɗaya faifan, ranar da ka cire shi kwamfutar ta sake ƙin tashi.

In ayyukan ɗaliban kawai kake nema, ba dole ne faifan ya zauna a ciki ba. Sayi akwatin da ke mai da faifai na USB, ka jona bayan Windows ya gama tashi. Na inci 3.5 yana buƙatar nasa adafta mai bolt 12, ƙaramin na laftof kuwa USB ya ishe shi. Ta kowace hanya ka bi, in Windows ya nemi ka yi wa faifan "Initialize" ko "Format", ka ce a'a, ka turo mana hoton abin da ya nuna a Disk Management, wato shafin Windows da ke jera faya-fayan kwamfuta, kafin ka danna komai.